An ce sensar salansa ce ke sa motarka shan mai?

Tambayoyin nan direbobi ne ke yawan yi mini su a garejinmu na Gusau.

Mene ne aikinta?

Tana ɗaure a jikin salansa, tana auna iskar da ta rage a cikin hayaƙi, ta kai wa ƙwaƙwalwar mota rahoto. Da shi ƙwaƙwalwar ke ƙara wa nozul mai ko ta rage, don a tsaya kusa da kashi 14.7 na iska kan kashi 1 na fetur. Sai ta yi zafin da ya kai kamar digiri 300 take fara aiki, shi ya sa aka sa mata hita a ciki.

Yaya zan gane ta lalace?

Wutar cek ta kama, mai na zurarewa, fulogi ya yi baƙi ƙirin, injin na kakkarwa in an tsaya. Amma fa nozul mai ɗiga ma haka yake yi.

Kwamfutar gwajin mota ta nuna lambar matsalarta. In sayo sabuwa?

Dakata tukuna, Alhaji. Lambar P0135 kan layin hita take magana, kuma sau da yawa fiyus ne ya ƙone ko waya ta narke a jikin salansa. P0171 kuwa cewa take iska ta fi mai yawa. In tiyon iskar injin ya tsage, ko salansa ta huje kafin hayaƙi ya iso sensar, gaskiya ta faɗa, laifin na wani ne. Kwanaki aka kawo mini Corolla mai jigila zuwa Talatar Mafara, an canza mata sensa har biyu. Da na shiga ƙarƙashi, sai ga waya guda a gutsure, aikin ɓera.

To yaya ake gwada ta?

A bar injin ya yi zafi, a duba a kwamfuta. Lafiyayya irin ta da tana kai-komo da sauri tsakanin bolt 0.1 da 0.9. In ta kafe wuri ɗaya ko tana jan ƙafa, to ta gaji. Toyota da yawa na baya-bayan nan sensarsu ta gaba (biyu ne a jikin salansa, ta gaba da ta baya) daban ce, wajen bolt 3.3 take zama, kada a yanke mata hukunci da ma'aunin waccan.

Ta baya fa?

Aikinta sa ido kan abin tace hayaƙi da muke kira indomi. In an fafe shi an sayar, P0420 za ta yi ta dawowa ko sensa nawa ka saya.

Wankewa da fetur na gyara ta?

A'a. Datti na waje kawai yake fiddawa.