Waiwaye: Yadda Sanyi Ke Shafar Ƙarfin Jikin Kifi

Masu kiwon tarwaɗa a ƙauyukan Haɗeja da na bakin madatsar ruwa ta Tiga sun san cewa da zarar hunturu ya kankama, kifi yakan rage ci, ya lafe a ƙasan ruwa, girmansa ya ja baya. Dalilin yana cikin ƙwayoyin halittarsa, inda wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya ke sarrafa abinci da iskar oksijin su samar da sinadarin ATP, wanda da shi tsoka ke motsi. Kifi ba ya riƙe ɗumin jikinsa, shi ya sa idan zafin ruwa ya sauka da digiri 10, wannan aiki kan ragu da kusan rabi.

To, yaya kifayen tekun Antaktika suke rayuwa a ruwan da sanyinsa ya kai digiri 1.9 ƙasa da sifili? A 1916 masanin nan ɗan ƙasar Denmak, August Krogh, ya yi hasashen cewa jikin irin waɗannan kifaye yana ƙona abinci da saurin da ya zarce abin da sanyin wurin zai bari, kuma gwaje-gwajen da Donald Wohlschlag ya yi a McMurdo da ke Antaktika a shekarun 1960 sun yi kamar sun gaskata shi. Sai a 1974 George Holeton ya ja hankalin masana cewa kifin da aka kama yanzu-yanzu a firgice yake, saboda haka oksijin ɗin da yake sha ya wuce na yau da kullum. A ganina, wannan gyara ya fi hasashen farko amfani, domin shi ya sa aka koma duba cikin ƙwayar halitta kanta.

Abin da aka tarar shi ne, kowace mitokondiriya ba ta fi ta kifin ruwan ɗumi kuzari ba; yawansu ne ya ƙaru. A zuciyar wani kifin ƙanƙara da jininsa ba ja ba ne, wanda Johan Ruud ya bayyana a 1954 cewa ba shi da himogulobin (sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini), mitokondiriya sun mamaye fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙwayar tsoka. Haka kuma kitsen fatar da ta lulluɓe mitokondiriyan mai laushi ne, ba ya daskarewa yadda man shanu ke yi da asubar hunturu.

Amma wannan sabo da sanyi ya zo da rauni babba: tun a 1967 George Somero da Arthur DeVries suka nuna cewa wasu daga cikin kifayen nan sukan mutu da zarar ruwa ya kai kusan digiri 6.