Gyaran ɗakin kwana kafin a sa gida a kasuwa: amsoshi ga masu gidaje a Jidda da Makka

Mai saye yakan daɗe a majalisi (falon baƙi) yana hira da dillali, amma sau da yawa ba a nan ake yanke magana ba. Sai uwargida ta zaga ɗakunan kwana ta fito, sannan a san ko za a ajiye kafin alƙalami. Abin da take dubawa kuwa ba ado ba ne: sanyi ne, da bushewar bango, da iskar ɗakin, da wurin motsi. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan haka.

Malam, da me zan fara, fenti ko sabon gado?

Da kwashe kaya, Alhaji, kuma wannan ba ya cin ko riyal ɗaya. Gidajenmu a nan ba sa rabuwa da baƙin Umara da na Hajji, shi ya sa za ka tarar da katifu biyar jingine a bayan ƙofa, akwatuna a kan dulab (kabad ɗin tufafi) har sun taɓo silin, jarkokin zamzam da katan-katan na dabino a ƙarƙashin gado. Duk a fitar da su zuwa gidan ɗan'uwa ko sito. A bar gado, da dulab, da durowar gefen gado, da madubi in akwai wurinsa. Cikin dulab ɗin ma a rage kamar rabi, domin in na jikin bango ne za a buɗe shi, kuma wanda aka cusa wa kaya har ƙofarsa ba ta rufuwa yana nuna cewa gidan ya yi wa masu shi kaɗan. Ɗakin da aka mayar ma'ajiyar kayan sayarwa, a dawo da shi ɗakin kwana. In talla ta ce ɗaki 4, mai saye 4 zai ƙirga.

Ɗakina mita 4 ne da 4, gadona kuma faɗinsa mita 2. Ya yi yawa?

Yi lissafin da kanka. Faɗin ɗakin santimita 400. Cire 200 na gado, cire 60 na zurfin dulab in yana bangon gefe, saura 140. Gaban dulab yana son 90 kafin mutum ya buɗe ƙofarsa ya tsaya, sai ɗaya gefen ya tashi da 50, wanda sai an karkace ake wucewa. In gadon mai faɗin 180 ne, gefen zai sami 70, ɗakin ya sake. Ba mu ce a sayi sabon gado don a sayar da gida ba. A musanya da na wani ɗakin, ko a mayar da dulab bangon da ke fuskantar ƙafar gado. Kan gadon ya jingina da bangon da babu taga, kuma ƙofar ɗaki ta buɗu har ƙarshe ba ta bugi komai ba.

Akwai wurin da fenti ya kumbura a bangon da ke haɗe da banɗaki. In ja dulab in rufe shi?

Kada ki yi, Hajiya. Na farko, algus ne. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi me ya hana shi sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Na biyu, ba ya ɓoyuwa. Masu saye da yawa suna zuwa da injiniya mai na'urar auna danshi, kuma da zarar an kama aibi ɗaya da aka ɓoye, sai a fara zargin wayar wuta da famfo da komai, farashi ya faɗi fiye da kuɗin gyaran.

A fara gano inda ruwan yake fitowa. A manna leda mai faɗin santimita 30 da 30 a bangon, a like gefunanta huɗu da salatef, a bar ta kwana 2. In raɓa ta taru a fuskar da ke manne da bango, ruwan daga cikin bangon yake. In a waje ta taru, laimar iskar ɗakin ce, abin da ba baƙo ba ne a Jidda saboda Bahar Maliya. Don gane ko bututu ne ke yoyo, a kashe injin tura ruwa da dare, a yi alama a tankin sama, kowa ya bar famfo, da asuba a duba ko ruwan ya sauka. A hawan ƙarshe kuma a dubi kusurwoyin silin: tabo mai ruwan ƙasa yana nufin rufin yana sha, kuma tun mamakon ruwan sama na Nuwamba 2022 mutanen Jidda ba sa mantawa da ɗaga kai.

Bayan mai gyaran famfo ya toshe yoyon, a kankare fentin har a isa siminti, a goge farin gishirin da buroshi a bushe, a bar bangon ya sha iska mako 1 zuwa 2. Sannan fentin share fage mai hana danshi, sai ma'ajun (kwaɓin cike ramukan bango), a goge da sanfefa, sai fenti shafi 2. Inda aka fi yin kuskure shi ne gaggawa: a shafa fenti a kan jiƙaƙƙen bango, kafin wata ya zagayo ya sake kumbura. Baƙin tabon fumfuna ana wanke shi da Clorox (ruwan bilic) kashi 1 cikin ruwa kashi 10, taga a buɗe. Kada a kuskura a haɗa shi da ruwan wanke masai mai asid, haɗin yana fitar da iskar da ke shaƙe mutum. In an gama, a ajiye rasit a nuna wa mai saye.

Mukayyif ɗin (na'urar sanyaya ɗaki) yana aiki. Sai na taɓa shi?

Yana aiki daban, yana sanyi ba ƙara daban. A cire ragar tace ƙura a wanke, ta bushe kafin a mayar. In na jikin bango ne kuma ana ganin layin ruwa ya gangaro a ƙarƙashinsa, bututun fitar da ruwa ne ya toshe, ma'aikaci zai busa shi cikin ɗan lokaci. In na taga ne, ya ɗan rinjaya ta waje don ruwa ya zuba can, kuma a toshe ramukan gefensa, domin ta nan ƙura da kyankyasai da hayaniyar titi suke shigowa. Ɗaki mai mita 4 da 4 ko 4 da 5 yakan wadatu da mai ƙarfin BTU 18,000 (ma'aunin ƙarfin sanyaya), sai dai in hawan ƙarshe ne ko tagarsa na kallon yamma. A kunna shi awa 1 kafin baƙi su iso, a sa shi a 23 ko 24. Yawancin masu duba gida bayan la'asar suke zuwa, lokacin da bangon yamma ya gama shan rana.

Wane launi, kuma lita nawa?

Fari mai ɗan duhu, ko ruwan madara, ko toka mai haske, marar sheƙi sosai, domin sheƙi yana tona duk wani tudu da kwarin bango. Ruwan hoda da shuɗin ɗakin yara a rufe su. Ɗaki 4 da 4 mai tsayin mita 3 bangonsa murabba'in mita 48 ne. Cire ƙofa da taga, saura kamar 44. Lita ɗaya takan rufe 10 zuwa 12 a shafi ɗaya, don haka shafi 2 zai ci lita 8 zuwa 9, silin kuma lita 3. A gama aƙalla mako guda kafin a fara karɓar masu dubawa. Ƙwayayen fitila duka su zama iri ɗaya, masu lamba 3000 ko 4000 a kwalinsu. Mai 6500 haskensa yana da kaifi, yana kashe launin bango.

Turaren wuta fa? Ai ba a karɓar baƙo babu shi.

A sa, amma kaɗan, kuma awa 2 kafin su zo. Ɗakin da hayaƙi ya turnuƙe yana sa mai saye ya fara tunanin me ake binnewa. Wari ba a iska yake zaune ba, a labule da kafet da katifa yake. A wanke labule, a kira masu wankin kafet, ya bushe sarai. Tsohon kafet mai tabo gara a ɗage shi in tayil ɗin ƙasa lafiyayye ne. A ranar kada a soya kifi ko a ɗora miyar daddawa. A duba ɗinkin katifa da bayan kan gado: ɗigo-ɗigon baƙi alamar kuɗin cizo ce, kuma feshi ɗaya ba ya kashe ƙwansa, sai an maimaita bayan kamar mako 2. Ƙasa-ƙasa a jikin katakon ƙofa kuma gara ce, wannan aikin kamfanin feshi ne.

Iyali suna cikin gidan. Yaya za a yi da sirri?

A sa lokaci da dillali, kada a yarda da zuwan ba-zata. Mata su koma ɗaki ɗaya, a nuna shi a ƙarshe bayan sun sauya wuri, ko matar mai saye ta shiga ita kaɗai. Gwal, da fasfo, da iƙama (katin izinin zama), da takardar gida, da magunguna, da hotunan iyali, duk a kulle. Mai saye ma sirrin yake auna wa iyalinsa: zai tsaya a taga ya ga ko maƙwabci yana hango gado. In haka ne, a manna takardar gilashi mai dusashe gani a rabin tagar na ƙasa, haske ya shigo ta sama.

Hotunan talla, ni zan ɗauka ko dillali?

Ko wanne, muddin dillalin yana da lasisin Fal na hukumar kula da harkar gidaje, kuma tallar da za a sa a manhaja irin Aqar tana da izininta. A ɗauka da hantsi, labule a buɗe, fitilu a kunne. A tsaya a bakin ƙofa ko a kusurwa, waya daidai ƙirji, a miƙe, don kada bango ya fito a karkace. Zanin gado fari ko mai launi ɗaya, matashi 4 sun isa. Kada a yi amfani da madubin kyamara mai buɗa wuri fiye da ƙima, domin wanda ya zo yana tsammanin fili ya tarar da ɗaki 4 da 4, da ɓacin rai zai duba sauran gidan. A rubuta awon kowane ɗaki a ƙarƙashin hotonsa.