Kiɗan Duniya a Wajen Masana

Kiɗan duniya suna ne da Turawa suka laƙaba wa kaɗe-kaɗen da ba nasu ba, irin na Afirka da Asiya da ƙasashen Larabawa. Ana danganta sunan da Robert Brown, malami a jami'ar Wesleyan ta Amurka, a farkon shekarun 1960, amma bai bazu ba sai 1987 lokacin da masu kamfanonin faifai suka zauna a Landan suka ce to a samu suna ɗaya da za a manna a kantar shagon faifai, don mai saye ya san inda zai laluba. Kenan kasuwa ce ta yaɗa shi, shi ya sa har yau masana da yawa ba sa jin daɗinsa, kuma gaskiya suna da hujja, don ta yaya za a zuba kotson fada da kiɗan Indiya da na Brazil a kwando ɗaya kawai saboda ba Bature ne ya kaɗa ba? Ko masu Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, sun canza sunan rukunin kiɗan duniya a 2020.

Fannin da ke nazarinsa a jami'a shi ne ilimin kiɗan al'ummu, etnomiyuzikoloji, sunan da Jaap Kunst ɗan Holan ya fito da shi a 1950. Kafin nan a Jamus aka fi yin aikin, a 1914 wasu masana biyu, Hornbostel da Sachs, suka kasa kayan kiɗa gida huɗu: masu fata kamar kalangu, masu tsirkiya kamar goge, na busa kamar algaita da kakaki, sai waɗanda jikinsu ne ke ƙara kamar ƙwarya.

Daga baya sai aka ga ai tara faifai bai isa ba, dole mai bincike ya zauna da makaɗa, Mantle Hood ma, wani masani ɗan Amurka, cewa ya yi mai binciken ya koyi kiɗan da hannunsa. Mu nan Zariya mun ga irin wannan, wani masani David Ames ya yi bincike a Zazzau a shekarun 1960, kuma shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Dole sai an zauna ɗin, domin a wajenmu kiɗa yana da mai shi, kalangu na mahauta ne, manoma da gangarsu, tambari kuwa na sarki ne, kuma idan makaɗin kalangu ya matse tsirkiya a hammata ranar biki, wanda ya ji Hausa ya san take ne ko kirarin wani ake yi, wanda ya sayi faifan a Landan kuwa amo kawai zai ji.