Bugun zuciya da ya riga lokacinsa: me ke faruwa a cikin tsoka?

Tambaya: Me ke sa tsokar zuciya ta matse tun farko?

Amsa: Sinadarin kalsiyam ne. A 1883, wani likitan Ingila mai suna Sydney Ringer ya nuna cewa zuciyar kwaɗo da aka cire ba ta ci gaba da bugawa sai da kalsiyam a ruwan da ke ratsa ta. Duk lokacin da saƙon lantarki ya iso ƙwayar tsoka, kalsiyam kaɗan yakan shigo daga waje ta wasu ƙananan ƙofofi, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin ne ke buɗe rumbun da ke cikin ƙwayar, inda aka tara mafi yawansa. Wanda ya fito sai ya manne da furotin troponin, zaruruwan tsoka su ja juna. Daga nan famfon da ake kira SERCA ya mayar da yawancinsa rumbu, a fitar da ragowar waje a musanya shi da sodiyam, tsoka ta saki.

Tambaya: To idan bugu ya zo kafin lokacinsa fa?

Amsa: Da rauni yake zuwa, domin ƙofofin rumbun ba su gama farfaɗowa ba, ɗakin zuciya na ƙasa kuma bai cika da jini ba. Wani lokaci jinin da ya tura ba ya isa a ji shi a wuyan hannu, shi ya sa ake cewa zuciya ta tsallake bugu.

Tambaya: Me ya sa bugun da ke biyo baya yake dukan ƙirji da ƙarfi?

Amsa: Wannan shi ne abin da mutane suka fi ji, kuma yawancinsu suna zaton shi ne bugun da ya ɓaci, alhali na gabansa ne. Masanin Jamus Oskar Langendorff ya bayyana wannan ƙarin ƙarfi tun 1885. Bugun gaggawar ya shigo da kalsiyam daga waje, amma kaɗan ya saki daga rumbu, don haka rumbun ya ƙara cika; ɗan tsaikon da ya biyo baya kuma ya ba ƙofofin damar farfaɗowa sarai, sai bugu na gaba ya saki kalsiyam mai yawa lokaci guda. Gaskiya ne ƙarin jinin da ya taru a lokacin tsaikon yana taimakawa, amma ana ganin wannan ƙarfi ko a ɗan yankin tsokar da aka ware a ɗakin gwaji, inda babu jinin da zai cika komai. Saboda haka a ganina kalsiyam ne jigon lamarin.

Tambaya: Akwai haɗari?

Amsa: A lafiyayyar zuciya, irin wannan bugu jefi-jefi ba ya yin illa. Idan ya yawaita har ya wuce kashi 10 cikin 100 na bugun awa 24, yana iya raunana tsokar a hankali, kuma sau da yawa ƙarfinta yakan dawo bayan an magance shi. Wanda abin ke zuwa masa tare da suma, ciwon ƙirji ko ƙarancin numfashi, ya ga likita ba tare da jinkiri ba.