Mutuwar Jiki Ga Masu Ciwon Garkuwa: Gajiyar Da Barci Ba Ya Wankewa

Idan mai lupus ko mai sanyin gaɓoɓi na rumatoyid, cututtukan da garkuwar jiki ke yaƙar mai ita, ta ce jikinta a mace yake, ba irin gajiyar mai dakon kaya a kasuwar Kejetia ta Kumasi take nufi ba. Waccan barcin dare ɗaya ke wanke ta. Wannan kuwa sai a kwana awa tara a tashi kamar an sha duka, wanka kaɗai ya sa a nemi wurin zama, kai ya yi nauyi har lissafin canji ya gagara. A gidajenmu na Aboabo da Asawase sau da yawa son jiki ake kiran abin, musamman da yake kusan 9 cikin 10 na masu lupus mata ne. Ba son jiki ba ne, kuma dalilinsa ba ɗaya ba.

Na farko cutar kanta. Garkuwar jikin da ta juya tana yaƙar mai ita tana zuba sinadaran kumburi cikin jini, irin su IL-6 da TNF, waɗanda ke kwantar da mutum ranar zazzaɓi. A nan ba sa ɗaukewa bayan kwana uku.

Daga nan matsalar jini ke tasowa, kuma nan aka fi asarar kuɗi. IL-6 na sa hanta ta ƙara fitar da wani sinadari mai suna hepcidin, shi kuma ya tare shigar sinadarin ƙarfe daga hanji, ya kulle wanda jiki ya ajiye. Shi ya sa za a shanye kwalabe na maganin ƙarin jini daga kemis, awon bai motsa ba. Haemoglobin, wato awon ƙarfin jini, ƙasa da 12 ga mace marar ciki, ko 13 ga namiji, ƙarancin jini ne, amma sai an san iri. Awon ferritin, mai nuna ajiyar ƙarfe a jiki, ma yana yaudara, domin kumburi na ɗaga shi, ya nuna ajiya ta isa alhali babu. A gaya wa likita idan jinin al'ada ya yi yawa, ko ana yawan shan diclofenac da ibuprofen, don suna iya sa ciki ya riƙa tsiyayar jini a ɓoye.

Magungunan ma da nasu rabon. Prednisolone da yamma hana barci yake, da safe ake shan sa bayan an karya. In ya daɗe a jiki yana raunana naman cinya, tashi daga kan tabarma ko hawa trotro (motar haya) ya zama aiki, yana kuma ɗaga sukari. Mafi haɗari shi ne yanke shi rana ɗaya bayan makonni ana sha: jiri, amai da mutuwar jiki mai tsanani. Likita ne ke rage shi kaɗan-kaɗan. Methotrexate sau ɗaya a mako ake sha, ba kullum ba, kuma mutane da yawa kan wayi gari a sanyaye washegarinsa. Folic acid na rage wannan.

Sauran a duba su ɗaya-ɗaya a asibitin Komfo Anokye ko inda ake ganin likita: awon jini na TSH don maƙoƙo, fitsari don furotin saboda lupus na taɓa ƙoda, bitamin D ga mai gudun rana, ciwon dare da ke yanka barci, da damuwar zuciya, wadda mutanenmu ke jin nauyin faɗa.

Wani lokaci duk awo ya fito lafiya, gajiyar na nan. Kwanciya yini guda ƙara ta take yi. A fara da tafiyar minti 10, a ƙara kaɗan kowane mako. Wanki da girki a raba su rana daban-daban, barcin rana kada ya wuce minti 30. A rubuta ƙarfin gajiyar daga 0 zuwa 10 na mako biyu, tare da lokacin shan magani, a kai wa likita. Idan kuwa ta tsananta farat ɗaya da zazzaɓi, haki ko kumburin ƙafa, asibiti za a je a ranar, ba a zauna ana shan maganin maleriya ba tare da gwaji ba.