Mikin mafitar bututun wankin ƙoda ta ciki

Mafitar bututu ita ce 'yar hudar da ke fatar ciki, wadda bututun wankin ƙoda ke fitowa ta cikinta. A wannan wanki, ana zuba ruwan magani a cikin ciki ta bututun, ya janyo dattin jini ta tantanin da ke lulluɓe da kayan ciki, sannan a fitar da shi. Bututun da aka fi sawa shi ne na Tenckhoff, wanda ya fito a 1968, mai zoben ƙyalle ɗaya ko biyu da nama ke kamawa ya riƙe shi. Akan bar wurin kimanin mako 2 kafin a fara wanki, kuma a wannan lokaci ba a so a jiƙa shi ko a ɓare ɓawon da ya yi. Mai ciwon suga kan fi jinkirin warkewa.

Matsalar da ta fi yawa ita ce shigar ƙwayoyin cuta, musamman Staphylococcus aureus da Pseudomonas aeruginosa. Babbar alamarta mugunya ce, ko da wurin bai yi ja ba. Akan ɗauki mugunyar a auna kafin a zaɓi magani, kuma Pseudomonas takan ci mako 3 ana jinya. Don rigakafi akan shafa man kashe ƙwayoyin cuta, mupirocin ko gentamicin, kullum bayan an wanke wurin an tsane shi.

Akwai kuma tsiron nama: jan nama mai laima da ke lulluɓe bakin hudar, da an taɓa sai jini. Yawanci bututun ne ke lilo, ko ƙugun wando na gogarsa. Ma'aikacin jinya kan ƙona shi da sandar silba naitiret, yana kare lafiyayyar fata, sannan a manne bututun da filasta ya daina motsi. Wannan mannewar, da mutane ke rainawa, ita ce rabin maganin. Idan zoben ƙyallen da ya fi kusa da fata ya leƙo waje, akan aske shi. Idan cutar ta kai tantanin ciki, sau da yawa sai an cire bututun.

A Sudan an ƙaddamar da shirin ƙasa na wannan wanki a Khartum a 2005. Ga Hausawan Mai Wurno da sauran garuruwan bakin Shuɗin Nilu, manoma da masunta, abin kiyayewa shi ne gumi da ƙura da ruwan kogi, wanda bai kamata mai bututu ya shiga ba. Toka, man zafi ko garin magani kuwa, kada a kusanto da su bakin hudar. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe cibiyoyin ƙoda da dama, don haka dole majinyaci da mai kula da shi su riƙa duba wurin da kansu kowace rana.