Waiwaye: Yadda Aka Gano Hannun Gado a Kumburin Babbar Jijiyar Jini ta Ciki

Babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya tana gangarowa ta ƙirji zuwa ciki, inda faɗinta yake kusan santimita 2. Idan bangonta ya yi rauni sai ta riƙa buɗewa sannu a hankali, galibi ba tare da mai ita ya ji komai ba. Da ta kai santimita 3 likitoci kan ce kumburi ya samu, kuma akan ba maza shawarar tiyata idan ta kai 5.5, domin fashewarta takan zo da ajali, kamar yadda ta faru da Albert Einstein a 1955.

An daɗe ana ɗora laifin cutar a kan tsufa da shan taba da taruwar kitse a jijiya kawai. A 1977 ne wani likita mai suna Clifton ya ba da rahoton 'yan'uwa maza uku waɗanda kowannensu jijiyar ta fashe masa, daga nan aka soma tambayar marasa lafiya labarin danginsu. Ƙwaƙƙwarar hujja ta fito daga binciken tagwaye da aka wallafa a Suwidin a 2010, wanda ya kwatanta tagwaye 'yan ƙwai ɗaya da sauran tagwaye, ya kuma ƙiyasta cewa gado ne ke da alhakin kusan kashi 70 cikin ɗari na bambancin haɗarin da ke tsakanin mutane.

Sai dai neman ƙwayar gado guda da za a kama da laifi bai kai ga gaci ba. A 2008 masu binciken deCODE, wani kamfanin nazarin ƙwayoyin gado a ƙasar Aisland, suka nuna cewa wani wuri a kan kuromozom na 9 (kuromozom shi ne zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kansa), wanda dama an danganta shi da ciwon bugun zuciya, yana ƙara haɗarin wannan kumburi. An samo irin wannan wuri a ƙwayar gado mai suna DAB2IP a 2010, sai a wata mai suna LRP1 a 2011, kuma kowanne tasirinsa ɗan kaɗan ne. Wani babban nazari na 2023, wanda ya haɗa marasa lafiya fiye da 39,000, ya kai adadin wuraren sama da 100, da yawansu suna da alaƙa da sarrafa kitse a jini da ƙarfin bangon jijiya. Fitowar ƙwayar gado mai suna PCSK9 a cikinsu ta fi ɗaukar hankali, tunda akwai magungunan rage kitse da ke aiki a kanta, ga shi kuwa har yanzu babu maganin da aka tabbatar yana tsayar da girman kumburin.

A ganina, amfanin wannan ilimi a gaban likita bai kamo yawansa ba tukuna. Ingila tana kiran maza masu shekara 65 domin a yi musu sikanin ciki don gano wannan kumburi, kuma jinsi da shekaru ne ma'aunin, ba gwajin gado ba. Ƙari a kan haka, akasarin waɗanda aka yi nazarin a kansu Turawa ne, don haka lissafin haɗarin da aka gina daga gare su yana bukatar a gwada shi a kan sauran al'ummomi kafin a dogara da shi.